Kurakuran da masu yi wa kansu allurar MS a gida suka fi yi

Mai cutar MS, cutar da ke taɓa jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, wadda likitocin nan Jidda da Makka ke kira tasallub, in an sallame shi da allura a hannu, makonnin farko sai haƙuri. Sai dai wani ɓangare na wahalar daga yadda ake yin allurar yake zuwa.

Mutum ya ga cinyarsa ta fi masa sauƙi, sai ya yi ta caka wuri ɗaya. Wurin ya yi ja, ya yi ƙullutu, kuma ga mai yin allurar Copaxone, ɗaya daga magungunan MS, kitsen ƙarƙashin fata kan narke ya bar rami wanda ba ya cikowa. A riƙa zagayawa: ciki, cinyoyi, bayan dantse, saman ɗuwawu, kada a koma wuri ɗaya sai bayan mako. A rubuta a takarda, don mantuwa ba ta da wuya. Ƙullutun kuma ba na ƙaho ba ne, a nuna wa likita.

Fito da allura daga firij a caka nan take yana ƙara zafi. A bar ta kamar minti 20 ta huce da kanta, ban da ruwan zafi. Ajiyar mafi yawan alluran tsakanin digiri 2 zuwa 8 ne, ba a firiza ba, ba kuma cikin motar da aka faka a ranar Makka ba.

Masu yin allurar Avonex, Rebif ko Betaferon kan yi zazzaɓi da ciwon jiki kamar mura. Nan ne wasu ke jefar da magani shiru, ba su faɗa wa kowa ba, kuma wannan ya fi damuna, domin cutar ba ta jira. A yi allurar dab da barci, a sha Panadol in likita ya yarda. Zazzaɓin yakan ragu bayan watannin farko. Kada a tsallake gwajin jini na hanta, kuma baƙin ciki mai nauyi abin faɗa wa likita ne. Da azumi ma wasu kan dakatar, alhali dare na nan.

Wanda ya fi haɗari shi ne raina alamu. Copaxone kan sa fuska ta yi zafi, ƙirji ya matse, zuciya ta buga da sauri, yawanci ya wuce cikin mintuna. Jin haka sai a ɗauka kowane irin abu zai wuce. A Janairun 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai ƙarfi cewa Copaxone yana iya jawo mummunan borin jini, ko da an shekara ana yinsa lafiya. In leɓe, harshe ko maƙogwaro ya kumbura, ƙuraje suka feso, numfashi ya yi wuya ko jiri ya kama, a kira Hilal Ahmar, masu motar agajin gaggawa, a 997 nan take, kuma kada a sake allurar sai likita ya duba. Abin da ba na gaggawa ba, lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya na amsawa dare da rana.