Yadda zaka yi zirga-zirga a jami'a ba tare da mota ba

Toh farko dai ka cire wa ranka cewa sai da mota, ɗalibai nawa ne suka gama digirinsu a ƙafa kuma ba abun da ya same su. Rashin sanin hanya shi ke wahalar da sabon shiga.

Kafin a fara lakca ka ware yini guda, ɗauki jadawalinka ka taka daga hostel zuwa kowane aji kana duba agogo. Mutum in yana tafiyarsa ba sauri ba nawa yana cin wajen kilomita 5 a awa, kaga kilomita 1 minti 12 kenan, so in minti 10 ne tsakanin lakcocinka biyu kuma ajin na can ƙarshen makaranta gara ka sani tun yanzu, ka riƙa zama kusa da ƙofa. Ni sai da na yi sati biyu ina zagaye wani dogon gini kullum ina haki, ashe akwai ƙofar baya da ake ratsawa, wani dattijo mai shara ne ya ga wahalar ta yi yawa ya nuna min. Masu gadi da 'yan ajin gaba sun fi Google Maps sanin lungu, amma duk da haka ka sauke taswirar a waya saboda ranar da data zata ƙare.

In da hali ka nemi keke, tafiyar rabin awa sai ta koma minti 10. Na hannu ya isa wlh, sabo mai sheƙi ɓarawo kawai yake kira. Inda zaka kashe kuɗi shi ne kwaɗo, sayi na ƙarfe mai kauri ɗin nan mai kama da harafin U, siririyar wayar nan nan da nan ake datse ta. Kuma jikin keken zaka haɗa da tayar baya ka ɗaure a ƙarfen da aka kafa a ƙasa, in tayar gaba kawai ka ɗaure zaka fito ka tarar da ita ita kaɗai tana jiranka. Saka fitila, fara a gaba ja a baya, ka riƙa taɓa birki da iskar taya kafin ka hau.

In makarantarku na da bas, lokacin ta ƙarshe shi zaka fara haddacewa. Ranar sayayya mai nauyi kuwa ku haɗu ku uku ko huɗu ku raba kuɗin tasi.

Da dare bi inda ke da haske da mutane ko da ya fi nisa, cire earpiece ɗin nan daga kunne, in titin ba wurin masu ƙafa ka bi gefen da kake fuskantar motocin da ke tahowa. Laima kuma ta zauna a jaka, kar ka ce sai ka ga hadari.