Yadda Ake Zaɓen Abincin Ƙwaro Mai Cin Darɓa Idan Za a Yi Kiwonsa

Yawancin masu fara kiwon ƙwaron nan mai ɗige-ɗige, wanda ake saki a gona domin ya cinye darɓa a madadin feshin magani, suna ɗauka cewa duk abin da ƙwaron ya ci ya dace da shi. Ba haka ba ne. Akwai abincin da zai riƙe masa rai kawai, akwai kuma wanda zai sa tsutsarsa ta girma, mace ta yi ƙwai masu ƙyanƙyashewa. Na biyun ake nema.

Da farko, a tabbatar da irin ƙwaron da ake da shi. Jinsin Cheilomenes da ake gani a gonakin wake darɓa yake ci. Cryptolaemus kuwa, wanda masanin ƙwari Albert Koebele ya kai Kaliforniya daga Ostareliya a 1891, abincinsa farin ƙwaro mai kama da auduga ne, kuma a kan kabewa ko dankalin turawa mai tsiro ake kiwon wannan abincin. Macen Cryptolaemus ba ta cika yin ƙwai ba sai ta sami farin kakin da ke jikin wannan farin ƙwaron, wanda za ta cusa su a ciki.

Na biyu, kuma a nan ne aka fi yin asara, a duba shukar da darɓar ta fito. Kada a ɗebo darɓa mai ruwan ɗorawa da ke cika ganyen tumfafiya, komai yawanta, domin tana tara dafin shukar a jikinta. Tsutsa za ta kama ta da ci, mai kiwo ya yi murna, bayan 'yan kwanaki sai ya tarar da tsutsotsin sun tsumbure, sun daina yawo, wasu sun mutu kafin su yi saɓa ta gaba. Darɓar kabeji ma tana da irin wannan matsala ga wasu jinsunan. Ni dai shawarata ita ce a shuka wake a tukwane, a rufe da gidan sauro, a yi kiwon darɓar a kansa, a kuma hana tururuwa hawa domin tana kare darɓa. Ganyen da aka taɓa yi wa feshi ba ya shiga mazubin kiwo ko kusa.

Na uku, a gwada kafin a dogara. A ware tsutsotsi kaɗan a ba su sabon abincin har su zama manya, sannan a lura ko matan sun yi ƙwai kuma ƙwan ya ƙyanƙyashe. Idan bai ƙyanƙyashe ba, a canza abincin.

Manyan wuraren kiwo suna amfani da ƙwan asun gari na jinsin Ephestia, wanda ake daskarar da shi a firiza. Yana da kyau ƙwarai, amma tsadarsa ta fi ƙarfin ƙaramin mai kiwo. Zuma da garin fure suna riƙe manya lokacin da darɓa ta yi ƙaranci, sai dai ba sa maye gurbinta.

Tsutsa tana wuce matakai 4, kuma a na ƙarshe ta fi ci, don haka a ƙara abinci a lokacin, in ba haka ba za su cinye junansu. A kwashe ƙwai daga wurin manya kullum, a ajiye jiƙaƙƙiyar auduga domin ruwan sha, a sauya ganye kafin ya yi fumfuna.