Ku riƙa rubuta abin da kuka tsayar tare da malamin da ke duba bincikenku

'Yan'uwa ɗaliban digiri na biyu da na uku, duk ranar da kuka gana da malamin da ke duba bincikenku, ku aika masa gajeren imel mai ɗauke da abin da aka tsayar: gyaran da ya nema, ranar miƙa babi, da sunayen da za su hau kan maƙala.

Idan saɓani ya taso, kwamitin ladabtarwa na jami'a da rubutacciyar hujja yake aiki, kuma imel yana nuna kwanan wata. Malamin da ya san akwai shaida ba kasafai yake sauya magana ko ya cire sunan ɗalibi ba.

Sai dai dabarar ba ta wadatarwa idan neman kuɗi ne ko neman lalata, domin da baki ake yin su. A nan ku sanar da shugaban sashe tun da wuri.