Bashi ba laifi ba ne, da sauran kurakuranmu kan kotu

Shekara tara ke nan ina koyar da darasin zama ɗan ƙasa a sakandare, kuma duk sanda muka zo babin kotuna sai na ji yara suna maimaita abin da suka ɗauko daga gida. Ban ga laifinsu ba, domin ni ma da kuɗina na sayi wannan karatun.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne cakuɗa shari'ar laifi da ta haƙƙi. Sata, fashi, kisa, waɗannan laifi ne: hukuma ke ƙara, ƙarshensu tara, gidan yari ko ma hukuncin kisa. Bashi, haya, gado, iyakar gona kuwa tsakaninka ne da mutum, ma'aikatan kotu suna ce musu sibil, ƙarshensu a ba mai haƙƙi haƙƙinsa.

Kafin na kama alli ina taɓa harkar hatsi. Na ba wani buhun masara 30 bashi, zuwa kasuwa biyu. Wata huɗu shiru. Wani abokina ya ce, "Kai dai sa ya kwana bayan kanta, gobe 'yan'uwansa za su kawo kuɗin a leda." Na je ofishin 'yan sanda, aka rubuta ƙorafin da sunan cin amana da zamba, na ba da kuɗin mai, aka ɗauko shi yana tsakiyar cin tuwo da 'ya'yansa. Kwana huɗu ya yi. Kuɗi bai fito ba, abin da ya fito takarda ce daga Babbar Kotun Jiha: lauyansa ya maka mu, da ni da waɗanda suka tsare shi, kan take masa haƙƙi. A bakin wannan lauya na fara jin sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Na biya diyya, na biya nawa lauyan, masarar kuma har yau. Garin neman gira na rasa ido.

To ku da kuke ce wa mutum "zan sa a ɗaure ka" kan kuɗin adashe, wa ya faɗa muku ɗan sanda ɗan karɓar bashi ne? Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, sashe na 8, ta hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta sake nanatawa. Ni yanzu ko tiya biyu zan bayar sai an rubuta, shaidu biyu su sa hannu, na ɗauki hoton takardar a waya. Wasu na ganin rashin kara ne. Sai na tuna musu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. In mutum ya ƙi biya, wannan takardar ce za ka riƙa zuwa gaban alƙali.

Na biyu shi ne tsaya wa mutum a beli don kunya. Beli ba sallama ba ne, shari'a na nan. Kai da ka sa hannu ka ɗauki alkawarin kawo shi duk ranar zama, in ya gudu kuɗin da aka rubuta kanka suke hawa. Wani maƙwabcinmu ya tsaya wa yaron da ko gidan ubansa bai sani ba, yaron ya tsallaka iyaka, shi kuma ya sayar da babur ɗinsa. Ka'idata: in ban san inda zan same ka da tsakar dare ba, ba na tsaya maka. Af, mace ma tana iya tsayawa, dokar 2015 ta faɗa ƙarara, kuma belin ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka, ko da abin da ake gani ya sha bamban.

Sauran ƙanana ne. Wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta ce, sashe na 36 ke nan, ku daina yaɗa hotonsa da sunan ɓarawo. Ba a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Sammaci in ya zo a je, ƙin zuwa ba ya kashe ƙara, sai dai a yi hukunci a bayan idonka.

Ɗalibai kuma kullum suna faɗuwa a tambaya guda, kan kundin dokokin laifuka: wanda ake kira Final Kod (Penal Code) dokar Arewa ce, ta fara aiki a 1960, an ɗauko tsarinta daga ta Sudan, Kudu kuwa nasu kundin daban. Suna kuma zaton Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ce ƙarshe kan aure da gado. A'a, daga ita sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, sai Kotun Ƙoli a Abuja. Ɗaukaka ƙarar ma tana da wa'adi, daga ƙananan kotuna galibi kwana 30 ne. Ranar da aka yanke hukunci, kafin ka fita ka tsaya wajen rajistara ka nemi kwafi.