Tsohuwar 'yar taraktar garka: yadda za ka gane piyas (kayan gyara) ɗin da zai shiga, da yadda za ka riƙe ta

Jama'a masu noman rani, musamman mu na kewayen Damagaram, daga garakan Mirya zuwa Gidimuni da Matamai, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da ƙananan taraktocin nan masu ƙafa biyu da ake bi a baya ana riƙe da ƙaho. Da yawa suna jibge a gindin mangwaro kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu, ka tambayi mai ita ya ce wai babu kayanta a kasuwa, alhali wallahi sau da yawa kayan suna nan birjik, sunan da yake nema da shi ne ba daidai ba.

Tawa ta hannu na saye ta, fenti ya koɗe har ba a iya karanta sunan kamfani, kuma ban damu ba don sunan da ke jikin murfi ba shi ne inji ba. Ka durƙusa ka goge gindin injin da tsumma da ɗan esansi, wajen da ake zuba baƙin mai ko gefensa, za ka ga lamba an buga a jikin ƙarfe. Ita ce asalin sunan injinka. In ka ga 168F to ma'anarta silinda 1, faɗinta milimita 68, F ɗin kuma iska ke sanyaya shi. Haka 170F milimita 70, 178F milimita 78, 186F milimita 86. Manyan nan masu tukunyar ruwa a kai irin na injin niƙa su ma haka ne, S195 milimita 95, ZS1100 milimita 100. Ka ga kenan tun kafin ka kwance komai ka riga ka san girman fistan da zoben da za ka nema.

Abu na biyu da zai sauƙaƙa maka rayuwa, yawancin injinan Sin ɗin nan kwaikwayon na Japan ne. 168F na esansi ɗan Honda GX160 da GX200 ne, 188F ɗan GX390, su kuma 178F da 186F na gazuwal an kwaikwayo su daga Yanmar L70 da L100. Shi ya sa buji da kwayil da igiyar tayarwa da filtar iska na 168F kana iya samunsu wajen masu gyaran injin ban ruwa da janareta, ba sai ka je kana cewa ina neman kayan tarakta a yi maka dariya ko a ninka maka kuɗi ba. Amma a kula da 170F, sunan nan akwai na esansi akwai na gazuwal kuma ba abin da ya haɗa su sai faɗin silinda, in za ka yi aike ka faɗi wanne ne.

To amma fa kama da wane ba ta wane. GX160 da GX200 faɗin silinda ɗaya ne, 68, sai dai tafiyar fistan ta bambanta, ɗaya milimita 45 ɗaya 54, don haka karanshaf ɗinsu, wato ƙarfen da fistan ke juyawa, ba ya musanya. Zoben fistan ma akwai mai kauri na tsofaffi akwai siriri na sababbi, faɗi ɗaya amma in ka sa siriri a ramin mai kauri zai riƙa rawa, inji ya dinga shan mai yana hayaƙi fari-fari. Ka tafi da tsohon fistan ɗin a aljihu, a gwada a gabanka.

Wurin da ni kaina na sha kashi shi ne bakin shaf, wato kan ƙarfen da ya leƙo daga inji yana juyawa, inda fuli mai jan bel ke zama. Bara injina ya buga, na aika Kano a sayo mini sabon kan inji gaba ɗaya, 168F kamar nawa, ya iso kusoshin gindi huɗu suka zauna cas, na yi hamdala, ina ɗauko tsohon fulina in sa sai ya shige salalaf yana lilo. Ashe shaf ɗin iri biyu ne, akwai na milimita 20 akwai na inci uku bisa huɗu wato milimita 19 da ɗan ɗoriya, da ido ba za ka taɓa rabe su ba, kuma ɗan makullin da ke shiga tsagin shi ma ya bambanta, ɗaya milimita 5 ɗaya bai kai ba. Wani ya ce in naɗa gwangwanin tumatir a cike gurbin, na ƙi, don fulin da ke lilo shi ke cinye bel ya kuma kashe boris. Kwana huɗu fangalin albasa na jirana kafin mai sassaƙa ƙarfe ya yi mini zoben da ya cike tsakanin daidai. Sannan kar ka yarda a ba ka injin janareta a ce ai duk ɗaya ne, shaf ɗinsa mai tsini ne kamar karas, na famfon ruwa kuma galibi mai zare ne, fuli ba ya zama a kansu. Don Allah kafin ka yi aike ka kai shaf ko fulin wajen mai ma'aunin ƙarfe ya auna maka, minti biyu ne.

Boris, wanda mu nan muka fi cewa rulma, shi ne mafi sauƙi don lambarsa ɗaya ce a duk duniya. 6205 ko na wane kamfani ne ramin ciki 25, waje 52, kauri 15, kuma shi ne a karanshaf ɗin 168F. 6204 kuma 20 da 47 da 14. Robar tare mai ita ma lambobi uku ne a jikinta, ciki da waje da kauri. Bel kuma harafi da lamba, A faɗinsa milimita 13, B kuma 17, in tarakta mai bel biyu ko uku ce ka canza su duka lokaci guda, in ka haɗa sabo da tsoho sabon ne kaɗai zai ɗauki kaya ya mutu da wuri.

In kuwa taka irin tsofaffin da aka shigo da su daga Turai ne mai injin Briggs & Stratton na Amurka, nan labari ya canza. Layin lamba uku ne a jikin murfin, kuma a layi na uku lambobi biyun farko shekarar da aka ƙera shi ne. Tsofaffinsu kusoshin inci ne, kile, wato sifana, mai lamba 13 zai yi kamar ya kama kan kusar rabin inci amma da ɗan sako-sako, ka matsa da ƙarfi ka murje kan. Kayan Honda ba sa shiga cikinsa. Ni ra'ayina in irin wannan ya buga sosai, ka sauke shi ka ɗora 168F in gindi da shaf sun yarda, ya fi maka kwanciyar hankali da zaman jiran kaya daga waje.

Yanzu riƙo. A ƙasarmu ba aiki ke kashe inji ba, ƙura ce. Ka tsaya bayan tarakta tana kaftu a jigawa lokacin hunturu ka ga yadda take iyo cikin turɓaya, duk abin da ya wuce filta yana shiga silinda ya zama kamar takardar goge katako. Littafin injin ya ce a wanke filtar iska duk awa 50, wannan na ƙasar da ke da ciyawa ne, ni kullum da yamma nake buɗewa. Na soso a wanke da sabulu a shanya ya bushe sarai a ɗiga masa baƙin mai a matse, na takarda kuma ba ya son ruwa, a bubbuga shi a hankali, in ya huje ko da ƙanƙane ne a jefar. Filta mai kwanon mai a ƙasa kuma ka zubar da laka ka zuba sabon mai zuwa layi. Na taɓa ganin yaro ya cire filta gaba ɗaya wai inji ya fi ƙarfi, raina ya ɓaci ƙwarai, na ce masa ɗana kana kashe wa babanka dukiya ne da hannunka.

Bidanji, wato canjin baƙin mai, sabon inji ko wanda aka yi wa sabon zobe bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100, ni dai a ƙurar nan ba na bari ya kai. 168F kusan lita 0.6 yake ci, 188F lita 1.1, a auna inji na tsaye daidai ba a karkace ba, a juye kuma tun yana da ɗumi. Da zafin Afrilu da Mayu ina sa 15W-40. Kar a manta da man akwatin giyar tarakta, shi ne wanda kowa ke mancewa sai an ji ƙara.

Buji na 168F shi ne BPR6ES ko na Sin F7RTC, tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8. In inji na wahalar tashi ko igiya na fizge hannu a duba tazarar bawul inji yana sanyi, na shiga milimita 0.15 na fita 0.20. Mai kuwa ko daga gidan mai ka saya ko wajen 'yan ruwa-ruwa, ka tace da kyalle mai tsabta, musamman gazuwal, don famfo da nozul ɗin 186F ƙwayar yashi ɗaya ta ishe su. Kuma kar ka bari tankin gazuwal ya ƙafe, iska za ta shiga sai ka sassauta bututu ka fitar da ita. Inji mai tukunyar ruwa a zuba masa ruwa mai kyau, ruwan rijiya mai kanwa-kanwa yana barin farin ɓawo a ciki inji ya riƙa zafi.

Wuƙaƙen kaftu akwai na dama akwai na hagu, ka ɗauki hoto da waya kafin ka kwance. Kuma ko kabar da ta naɗe za ka cire, ka kashe inji ka zare hular buji tukuna, yatsa ba ya tsirowa.

In aikin rani ya ƙare za ka aje ta, ka rufe famfon esansi ka bar ta tana aiki har ta mutu da kanta, ka kwance ƙaramar kusar da ke ƙasan kwanon kabureta sauran ya tsiyaye, don esansin da ya kwana watanni shi ke zama danƙo ya toshe jet, ɗan ramin da esansi ke bi a cikin kabureta. Ka ɗiga ɗan mai ta ramin buji, ka mayar da bujin, ka ja igiya a hankali har ka ji ta yi tauri ka bar ta a nan, bawul duka biyu sun rufe kenan. Ka sassauta bel, ka ɗora ta kan bulo a inuwa, sannan ka toshe bakin salansa da tsumma don zanzaro na son gina ɗakinsa a ciki.