Babi na 6: Ruwan Sanyaya Inji da Yadda Ake Kwalfe Baƙon Mai

Darasi na 1: Abin da ke cikin tanki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban injin les, wato injin da ke juya ƙarfe ana yanka shi, ya ga wani farin ruwa mai kama da madara yana zuba a daidai wurin da ake yankan ƙarfe. Wannan shi ne ruwan sanyaya inji. Wani mai ne na musamman da ake gaurayawa da ruwa domin ya rage zafi, ya sa santsi, ya wanke ɓarɓashin ƙarfe, ya kuma hana tsatsa. Idan ya zuba sai ya gangara cikin tankin da ke ƙarƙashin inji, famfo ya sake turo shi sama.

To, amma inji yana da wasu mayukan nasa daban, kamar man giya da man da ake ɗiga wa hanyoyin da keken inji yake zamewa a kai. Kullum waɗannan suna ɗiga cikin tanki kaɗan-kaɗan, kuma da yake ba a yi su don su gauraya da ruwa ba, sai su taso su kwanta a sama kamar manja a kan miya. Shi muke kira baƙon mai, domin ba gidansa ba ne. Ku dubi kalmar da kyau, ku ɗora yatsa a kanta: ba-ƙon. Ba ta zama ɗaya da ba-ƙin ba, wato baƙin man da ake juye wa mota. Harafi ɗaya ne ya raba su, kuma babu kunya idan kun sake karantawa sau uku.

Idan baƙon mai ya rufe fuskar ruwan, iska ba ta shiga, sai wasu ƙwayoyin cuta da ke yaɗuwa inda babu iska su cika tankin. Su ne ke kawo warin ruɓaɓɓen ƙwai da kuke tararwa idan kun buɗe shago bayan hutun Salla. A nan Katsina abin ya fi tsanani da bazara, a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Daga nan sai hayaƙi a bakin yanka, da ƙaiƙayi da ƙuraje a hannun mai aiki.

Darasi na 2: A kashe famfo, a jira

Wannan shi ne darasin da ya fi ba ɗalibaina wahala, alhali babu lissafi a cikinsa. Kafin a kwalfe mai, sai an kashe famfo an bar ruwan ya kwanta.

Dalili kuwa a fili yake. Muddin famfo yana aiki, yana dama baƙon man ne cikin ruwan, ya farfasa shi ya zama ƙananan ɗigo da ido ba ya rabewa. Sai ruwan ya natsu sannan ɗigon suke tasowa su haɗu a sama. Uwargida ba ta kwalfar mai daga miya tana tsakiyar tafasa, sai ta sauke tukunya. Saboda haka ku kashe famfo, ku jira awa 1 ko 2, kuma mafi kyau ruwan ya kwana. Da safe, bayan kun buɗe shago, kafin hannunku ya taɓa makunnin inji, lokacin ne na kwalfa.

Na'urar da ke wannan aiki ana kiranta sikima. Iri biyu ne kuka fi haɗuwa da su. Ɗaya tana da bel wanda ƙaramin injin lantarki ke juyawa a hankali, yana nutsewa cikin tanki yana fitowa. Ɗayar kuma faifai ne mai juyawa, wanda gefensa na ƙasa ke cikin ruwan. Mai ya fi ruwa manne wa bel ko faifan, don haka shi ne yake biyo su sama, wani ɗan makankari ya kankare shi, ya bi ta indararo ya zuba a gwangwani. Ku tabbata ƙasan bel ɗin ko faifan ya shiga ruwan sosai, domin idan ruwan tanki ya ja baya, faifai zai yi ta juyawa a iska yana cin wuta a banza.

Yanzu mu sake daga farko. Kun zo da safe. Famfo a kashe yake? Ku duba da idonku. Ruwan ya kwana bai motsa ba? Madalla. Ku buɗe murfin tanki a hankali, kada ku sa sanda ku juya don ku ga zurfinsa, domin juyawar nan ta rusa jiran dare guda. Sai ku kunna sikima ita kaɗai. Ku leƙa gwangwani: idan abin da ke zuba mai duhu ne mai kauri, aiki yana kyau. Idan ya fara fitowa fari, mai ya ƙare ke nan, ruwanku mai kyau kuke zubarwa, sai ku kashe.

Wanda ba shi da sikima kada ya karaya. Ya shimfiɗa tsohuwar jarida a fuskar ruwan, ta jiƙe da mai, ya ɗage ta a hankali, ya sake sa wata. Ludayi ma yana yi. Kuma ranar da aka ɗauke wuta, maimakon zaman hira a kan benci, ruwan ya riga ya kwanta da kansa, ga dama ta samu.

Dole in faɗi gaskiya a nan. Na sha zuwa duba ɗalibai a shagunan iyayen gidansu, in tarar famfo yana gudu, sikima tana gudu, ana ce mini ai na'urar ce ba ta da kyau. Wani dattijo da na koya wa wannan sau huɗu ya ce da ni, “Malam, aiki ya yi yawa, ba lokacin jira.” Haba Alhaji! Da dare wane aiki inji yake yi? Ku da kuka iya auna ƙarfe da ma'aunin da ke raba milimita gida 100, ba zai yiwu kashe makunni ɗaya ya gagare ku ba. A kashe famfo, a jira, sannan a kwalfe. Ku rubuta wannan da alli a jikin bango.

Darasi na 3: Haɗa sabon ruwa

Ruwa ake fara zubawa, sannan a tsiyaya man sanyaya injin a hankali ana juyawa. Idan aka zuba ruwa a kan mai, haɗin ba ya kamawa da kyau. Yawancin aiki yana son kashi 5 zuwa 10 cikin 100, amma ku bi abin da aka rubuta a jikin galan. Kashi 5 shi ne lita 1 ta mai a cikin lita 19 na ruwa, wato cikin bokitin fenti mai lita 20. A bokiti ake haɗawa, ba a cikin tanki ba. Da bazara da hunturu ruwa ne ke ƙafewa ya bar man, don haka ciko ya zama tsinkakke, kamar kashi 2. Ruwan rijiyar da sabulu ba ya kumfa a cikinsa yana ɓata haɗin.

Darasi na 4: Aunawa

Akwai ma'aunin da ake ɗiga masa ruwan a leƙa ta fuskar haske, sunansa rifraktomita, shi ke nuna kashin man da ke cikin haɗin. Idan layin cikinsa ya yi dishi-dishi, baƙon mai ya yi yawa, ku koma darasi na 2. Takardar gwajin pH kuma, wadda ke auna tsamin ruwa ko kanwarsa, ya kamata ta nuna tsakanin 8.5 da 9.5.

Darasi na 5: Tsafta

Ku kwashe ɓarɓashin ƙarfe kullum. Kada a tofa goro ko a zuba sauran shayi a tanki, kada kuma a sa bilic don kashe wari, domin yana jawo tsatsa. Man da aka kwalfa a tara shi a jarka mai murfi, ba a zuba shi a kwata.