Kurakuran da aka fi yi wajen sayen kwamfutar hannu mai zukata da yawa

Mafi yawan masu zuwa Kasuwar Dole ta Damagaram neman kwamfutar hannu abu ɗaya suke dubawa, wato 'yar takardar nan da ke manne kusa da madannai. Da an ga "Core i7" sai a miƙa kuɗi. Nan ne ake faɗawa rami. Firosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, zukata kuma su ne sassanta da ke raba aiki a tsakaninsu. Firosesar i7-7500U zukata biyu kacal gare ta, ita kuwa i5-8250U ta shekarar 2017 tana da huɗu, kuma ta fi ta gudu. Lambar farko bayan ɗan layin nan na cikin sunan (ko biyun farko, daga zamani na 10 zuwa sama) ita ce zamanin firosesar, ita za ka duba. Ka nemi ta 8 zuwa sama, don Windows 11 ba ta karɓar yawancin na ƙasa da haka, Windows 10 kuma an daina sabunta ta tun Oktoba 2025.

Akwai kuma zaton cewa zukata takwas sun ninka huɗu a komai. Ba haka ba ne. Wani aikin ba ya rabuwa, kamar a tara masu daka takwas a kan turmi ɗaya. Ɗalibin Jami'ar André Salifou da ke rubuta kundinsa a Word, huɗu sun ishe shi har da saura. Mai haɗa bidiyon biki shi ne zai ci moriyar yawansu. Zukatan ma ba duka ƙarfinsu ɗaya ba: M1 ta Apple ta 2020 tana da takwas, amma huɗu na aiki mai nauyi ne, huɗu na tattalin batir.

Babbar matsalarmu a Damagaram dai zafi ce. Idan firosesa ta kusa digiri 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. A watan Afrilu, a ɗora kwamfuta kan katifa, ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka, sai ka ji ana cewa mai shago ya cuce ni. Ɗora ta kan tebur, ka ɗan ɗaga bayanta, ka kai wa mai gyara ya busa fankar ya sauya man sanyaya firosesar.

Ga kuma ɗauke wuta. Firosesa mai harafin H a ƙarshen sunanta tana shan batir sosai, mai U ta fi juriya. Kuma ko zukata nawa ne, in RAM (ma'ajiyar aikin da kwamfuta ke kan yi) giga 4 ce da tsohon faifai mai juyawa, za ta riƙa jan ƙafa. Sa RAM giga 8 da SSD (ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyawa) tukuna.